Me ya hana masu kwana a titi zuwa asibiti, alhali an ce magani kyauta ne?

Tambayar ta zo ne daga wani tela mai shago kusa da wata tashar mota a Kano. Ya ce akwai wani dattijo da ke kwana a barandar masallacin tashar, ya fi wata biyu yana tari, duk ya rame. Ga kuma almajiran unguwar da ƙazuwa ta cinye wa hannuwa. Ya ce kullum yana jin sanarwa a rediyo cewa gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne. To me ya hana irin waɗannan bayin Allah zuwa asibiti? Jahilci ne ko taurin kai? Shi kuma me zai iya yi?

Malam, Allah Ya saka da alheri da ka lura da dattijon nan. Mutane nawa ne suke tsallake ƙafarsa sau biyar a rana su shiga sallah ba su ji tarin ba?

Sanarwar da ka ji gaskiya ce. Gwajin majina kyauta ne, maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne, haka ma maganin rage kaifin cutar HIV da allurar rigakafin yara. Amma na daɗe ina aikin lafiya a matakin farko, kuma abin da na gani shi ne kuɗin ƙwaya ƙaramin yanki ne na abin da ke tsakanin mara lafiya da waraka. Asibitinmu an tsara shi ne bisa zaton duk wanda ya shigo yana da gida, yana kuma da mai jinya. Wanda ya rasa waɗannan biyun, ko an buɗe masa ƙofa, bai shiga ba.

Ka tuna ranar da aka kwantar da wani naka. Wa ya bi layin yankar kati? Wa ya ruga kemis ya sayo safar hannu, ruwan ƙari da allura? Wa ya kai jini ɗakin gwaji ya koma ya karɓo sakamako? Wa ya kawo kunu da safe, ya juya mara lafiya, ya zubar da fo, ya kwana a tabarma a ƙarƙashin gado? Duk wannan aikin dangi ne suke yi, ba ma'aikata ba, domin ma'aikaciyar jinya ɗaya tana iya kwana da ɗaki guda cike da majinyata. Idan ana buƙatar ƙarin jini, dangi ake cewa su kawo wanda zai bayar. Idan tiyata ce, sai an samu wanda zai sa hannu. Saboda haka tambayar farko da ake yi wa mutum a ɗakin gaggawa, tun kafin a taɓa shi, ita ce: "Ina 'yan'uwansa?" Dattijon tasharku ya san wannan tambayar sarai, ya kuma san ba shi da amsarta. Wannan ba jahilci ba ne, lissafi ne.

Kafin in ci gaba, mu rarrabe mutanen, domin a ƙasar Hausa ba kasafai mutum yake kiran kansa mara gida ba. Almajiri yana da malami, yana da zaure ko kango da yake kwana, iyayensa ma suna nan a wani ƙauye. Ɗan cirani ko ɗan dako da ke kwana a rumfar kasuwa yana da gida, sai dai yana da nisan kilomita ɗaruruwa. Akwai mabarata tsofaffi da masu nakasa. Akwai waɗanda rikici ya koro daga Zamfara, Katsina, Sakkwato ko Barno, suna raɓe a gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Akwai matan da aka sako ba su da inda za su koma, har da waɗanda yoyon fitsari ya raba da mazajensu. Akwai yaran tasha masu shaƙar sholisho. Sai masu taɓin hankali, waɗanda su ne suka fi kowa shiga uku. Ciwon kowane rukuni daban, hanyar isa gare shi ma daban. Abin da ya haɗa su shi ne idan ciwo ya kayar da ɗayansu yau da dare, babu wanda zai tsaya a kansa.

Ba asibiti kaɗai ba, hatta ayyukan da muke fita da su cikin gari da gida muke ƙirga su. Lokacin rabon gidan sauro, gida-gida ake bi ana ba maigida kati gwargwadon yawan iyalinsa. Mai kwana a baranda ba ya cikin lissafin kowa, kuma ko an ba shi, ina zai ɗaura? Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, shi ma gida-gida ne. Masu allurar shan inna a bangon gida suke yin alama da alli. Maganin tsargiya yawanci ta makarantun boko ake bi da shi, alhali yaran da suka fi yin wanka a kududdufi, suka fi fitsarin jini, ba can suke ba. Wani likita ɗan Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta tun 1971 cewa kulawar lafiya mai kyau takan yi ƙaranci daidai inda aka fi buƙatarta. Shi da masu haƙar kwal na yankin Wales yake aiki, amma ko a tashar ku ya zauna abin da zai gani ke nan.

Sai maganar lokaci, wadda masu albashi ba sa ganewa. Ganin likita a babban asibitin gwamnati yana cin yini guda, wani lokaci tun bayan asuba ake kama layi. Ɗan dako da ya yi haka ya rasa kuɗin abincin ranar. Almajiri ya rasa barar safe da ta rana, wataƙila ya sha faɗa a makaranta. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kati, ga hoton ƙirji idan an nema. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. To mai naira ɗari biyu a aljihu ina zai nufa? Kemis. Mai kemis yana kusa, ba layi, ba ya tambayar adireshi, yana ba da bashi, kuma zai yanko maka ƙwaya biyu ko uku daidai kuɗinka. Ni ban cika zagin masu kemis ba kamar yadda wasu abokan aikina suke yi, domin su ne asibitin talaka na gaskiya. Amma ka dubi illar: maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku ne, ana shan sa sau shida, sai a sayi na shan sau biyu kawai. Mai tarin fuka kuma zai yi wata da watanni yana shan maganin tari na kwalba da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta barkatai, tarin ya lafa ya dawo, yana kuma yaɗa shi ga duk wanda ke kwana kusa da shi.

Akwai abin da ba ma son faɗa, mu ma'aikata. Mutumin da ya yi mako bai samu ruwan wanka ba, tufafinsa suna wari, tun daga bakin ƙofa ake fara kallonsa a matsayin mabaraci, ba mara lafiya ba. Mai gadi yana iya korarsa kafin ya ga ma'aikaci ko ɗaya. Idan ya shiga, na kusa da shi a benci su matsa. Ni kaina na taɓa yi wa wani saurayi faɗa a wani asibiti da na yi aiki, saboda gyambon ƙafarsa ya ruɓe ya ƙi dawowa wanki. Na ce masa ya riƙa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, ya ɗaga ƙafar sama, ya huta a gida. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Likita, a ƙarƙashin tirela nake kwana." Na rasa abin cewa. Tun daga ranar, kafin in rubuta magani nakan tambayi mutum inda ya kwana jiya da abin da ya ci yau. Amsar takan canja abin da zan rubuta. Wanda aka wulaƙanta sau ɗaya kuwa ba ya dawowa sai an ɗauko shi ranga-ranga, kuma a lokacin aikin ya ninka, kuɗin ya ninka, sau da yawa ma an makara.

Cututtukan da ake rayuwa da su shekara da shekaru sun fi ba ni tsoro a kan titi. Mai ciwon suga da ke buƙatar allurar insulin yana buƙatar wuri mai sanyi da zai ajiye ta, ko da gindin randa ne, yana kuma buƙatar abinci a kan lokaci, in ba haka ba allurar ce za ta kayar da shi. Mai hawan jini ba ya jin ciwo, to don me zai sayi ƙwaya alhali cikinsa na kuka? Mai farfaɗiya da ƙwaya mai arha za ta iya tsayar masa da faɗuwa, sai ka gan shi da ƙuna a lokacin hunturu, ya faɗa wutar jin ɗumi mutane sun watse saboda sun ɗauka yawunsa yana yaɗa cutar. Ba ya yaɗawa. Ka faɗa wa mutanen tasha wannan, don Allah.

Masu taɓin hankali kuwa, asibitocinsu suna nan: Dawanau a Kano, na tarayya a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani suna yawo tsirara ciwonsu yana jin magani, akwai ma allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Amma wa zai kai shi, wa zai biya, wa zai karɓe shi ranar sallama? Iyalai da yawa sun gwada sun gaji, wasu suka kai nasu gidajen mari. Ka tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Dokar ta ba majinyaci haƙƙi a takarda, amma ba ta samar masa da ɗan'uwan da zai zo ya tafi da shi ba.

Tunda na taɓo doka, ga abin da ya kamata kowa ya sani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Wata dokar ta 2017 ta ce a duba wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Na kawo wannan ne domin na san abin da ke hana mutane ɗaukar wanda ya faɗi a titi: tsoron tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ko a maƙale maka kuɗin asibiti, ko a tsare ka ana tambayoyi. Tsoron yana da tushe, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma sanin dokar yana ba ka bakin magana.

Ita dai dokar ta 2014 ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani ɓangarensa don a yi wa marasa galihu inshora ne. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni. A Kano hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KSCHMA, ce ke yin rajistar. Tsari ne mai kyau, na ga waɗanda ya amfana. Inda gizo ke saƙar shi ne rajistar kanta: ana neman lambar NIN, ana ɗaura mutum a kan asibiti guda a mazaɓarsa, sunayen kuma sukan biyo ta hannun masu unguwanni da rajistar talakawa ta jiha. Wanda ya baro ƙauyensu da dare ba takarda, yau yana wannan tasha gobe yana waccan, wace mazaɓa ce tasa? Gurbin da aka tanada don mafi talauci sai ya tafi ga talakan da ke da adireshi.

Kuma idan hukuma ta tuna da mutanen titi, yawanci ba da magani take zuwa ba, da mota take zuwa. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai ana mayar da su jihohinsu, aka cusa yara a motoci, daga baya aka samu da dama cikinsu ɗauke da cutar. Duk kamen mabarata da aka yi yana koya wa mutanen nan darasi guda: ka guji duk mai kama da ma'aikacin gwamnati. Mu masu farar riga muna biyan wannan bashin idan muka je da allura. Annobar mashaƙo da ta yi tsanani a Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma cuta irin wannan ba ta tsayawa a zauren makarantar allo, tana bin yaron har ƙofar gidan da yake karɓar sadaka.

Ba wai ba mu san yadda ake isa gare su ba ne. A yaƙi da shan inna an sa ma'aikata a tashoshi da kasuwanni da hanyoyin makiyaya, aka zauna da malamai da sarakuna har suka yarda, kuma a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin cutar. Akwai motocin gwajin tarin fuka masu ɗauke da na'urar hoton ƙirji da ke shiga unguwanni. A Brazil tun 2011 gwamnati ta sa ayarin ma'aikatan lafiya da aikinsu kawai bin masu kwana a titi ne a inda suke. A ganina mu nan mun fi su sauƙin farawa, domin mutanen titinmu ba a warwatse suke ba: almajirai suna da malami, mabarata suna da sarkinsu, 'yan dako da direbobi suna da shugabannin ƙungiya. Ma'aikacin lafiya ɗaya da zai riƙa zuwa tsangaya ranar Alhamis, da ba a karatu, zai yi aikin da asibiti guda ba zai yi ba. Hukumomin zakka ma da za su ware wani abu don ɗaukar masu jinya ga marasa kowa, da ya fi rabon buhun shinkafa a gaban kyamara amfani. Wannan ra'ayina ne.

Yanzu dattijonka. Tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, musamman in akwai gumin dare ko jini a majina, tarin fuka ake zato har sai gwaji ya kore shi. Ka fara da gaisuwa da hira, ka ji sunansa da garinsu. Kada ka tara masa mutane. Ka ce, "Baba, tarin nan ya dame ni, ka yarda in raka ka a duba?" Idan ya ƙi yau, ka sake gobe. Ba sai kun je babban asibiti ba, ƙananan asibitocin unguwa da yawa suna da sashen tarin fuka, ka tambayi wanda ya fi kusa. Za a karɓi majina a gwada a na'urar GeneXpert, za a kuma ba shi shawarar gwajin HIV, wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zargi ba ne. Idan aka tambayi adireshi da lambar waya, ka ba da na shagonka. Wannan kaɗai ya cire masa babban shinge.

In an tabbatar, tsarin da kansa yana neman wanda zai riƙa ganin majinyaci yana haɗiye maganin, kuma ba dole sai ɗan'uwa ba. Ka ce kai ne. Ka ajiye ƙwayoyin a shagonka, kada zafi ko ruwa ko ɓarayi su same su. Kullum da safe kafin ya karya ya zo ya sha a gabanka, bayan ɗan lokaci ka sa mai shayi ya ba shi wani abu. Abincin nan rabin magani ne, domin idan ƙwayar ta fara aiki yunwa takan taso da ƙarfi, kuma na ga waɗanda suka daina sha saboda ba su da abin da za su bi ta da shi. Fitsarinsa zai yi ja, ka gaya masa tun kafin ya gani, maganin ne. Amma idan idonsa ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, a koma asibiti a ranar. Kai kuma kada ka ji tsoro fiye da kima: hira a fili inda iska ke kaɗawa ba kamar kwana a ɗaki rufe ba ce, kuma bayan 'yan makonni na shan magani daidai haɗarin yaɗawa yana raguwa sosai. Waɗanda suke kwana kusa da shi su ma a gwada su.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne wata na biyu zuwa na uku. Tari ya tafi, jiki ya dawo, sai mutum ya ce ya warke. Bai warke ba. Idan ya tsaya a nan cutar tana dawowa, wani lokaci a matsayin wadda ba ta jin maganin farko, kuma jinyarta ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Almajiran kuma ta wajen malaminsu za ka bi, da girmamawa, ba da sigar tuhuma ba. Ƙazuwa ƙaramin ƙwaro ne da ke shiga fata, ba a maganinta ɗaya-ɗaya. Duk masu kwana a wuri guda ake shafa wa magani a rana guda, daga wuya zuwa tafin ƙafa, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya tabarmi da buzaye a rana. Ma'aikacin asibitin unguwa zai faɗa muku wanda ya dace da shekarunsu da yadda za a maimaita. Ƙaiƙayin yana iya ɗaukar mako biyu ko fiye bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce maganin bai yi ba. Wanda ƙurajensa suka yi ruwa, ko fuskarsa ta kumbura, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, wannan a kai shi asibiti, domin ƙwayar cutar da ke shiga ƙurajen tana iya taɓa ƙoda.

Abu na ƙarshe game da Baba. Idan damina ta faɗi ya ce zai tafi garinsu, ko ya koma wata tasha, kada ka ja da shi, ba za ka iya riƙe shi ba. Ka kai shi sashen da yake karɓar magani su rubuta masa takardar canjin asibiti zuwa wanda ya fi kusa da inda zai je, su ba shi ƙwayoyin da za su kai shi. Ka sa katinsa a leda ka ɗinka masa aljihu a cikin riga, tunda sana'arka ce, ka kuma rubuta lambar wayarka a bayan katin.